Goran Yaya Madu a Bakin Magangarar Ruwa

Ranar da na sauka Lagdo a ƙasar Kamaru ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi fita, kuma duk abin da na riƙo na neman mutum bai wuce hoto ɗaya a cikin waya ba. Hoton Yaya Madu ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Yana tsaye da wata riga ruwan ƙasa yana dariya, a bayansa farin ruwa yana zubowa daga kan dutse, ba a ganin inda ya faro, ba a ganin inda ya sauka. Shi ne saƙo na ƙarshe da ya aiko mana Gashuwa. Daga nan wayarsa ta mutu, shekara huɗu ko sallama babu.

Mu masunta ne tun kakanni. A kan gora aka koya mana ruwa, wato ƙaton goran duma da ake yanke wa baki, mutum ya kifa cikinsa a kai ya yi ta tuƙi da hannu da ƙafa, in ya kama kifi ya ɗaga ciki ya jefa a ciki. Da ciyawar kacalla ta cinye mana fadama kifi ya ja baya, ni na koma Nguru ina sayar da banda, shi kuwa Yaya ya ce ba zai zauna yana kallon ciyawa ba, ya bi masunta zuwa Lagdo. Ya bar matarsa Fanna da 'ya'ya biyu a wurin mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya.

Iya kuwa yanar ido ta hana ta gani tun kafin tafiyarsa, don haka hoton nan sai dai mu ba ta labarinsa. Kullum in an sauke tukunya sai ta sa Fanna ta zuba wa Yaya nasa a kwanonsa, a rufe a ajiye, in gari ya waye a bayar sadaka. Shekara huɗu ana haka. Mutanen gidan su Fanna sun zo daga Dapchi har sau uku a kan a duba zaman 'yarsu, ita ba mai miji ba, ba kuma wadda miji ya mutu ya bari ba. Iya ta ce ɗanta yana nan da rai, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ya kawo mata abin da za ta taɓa da hannunta. Fanna ba ta taɓa ɗaga murya ba, sai dai tana ta ramewa. Wannan ramar ce ta tayar da ni, ba jarumta ba.

A Lagdo na tarar da Hausawa kamar a gida, mutanen Haɗeja da na Kabi da na Yawuri, kowa da kwale-kwalensa. Kwana biyu ina yawo da waya a hannu kafin a kai ni wurin wani dattijo da ke shugabantar masuntan zangon. Ya duba hoton ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko wannan ba bahagon nan ba ne mai gardamar tsiya. Wallahi sai da na ji daɗi har cikin raina, don ba wanda zai kira Yaya haka sai wanda ya zauna da shi. Dattijon ya ce damina ɗaya ya yi da su. Kullum yana ƙorafin taru ya fi kifi yawa a tafkin, kuma ba ya son hawa kwale-kwalen wani ya yi masa bauta. Sai ya ji labarin wasu koguna can kudu, a ƙasar duwatsu, da ba mai su a cikinsu, ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Ruwan da ke cikin hoton kuwa, dattijon ya ce ba a nan yake ba, in nufi Gaundare in tambaya.

Guzurina ya riga ya yi ƙasa, dole na tsaya aiki. Mako uku na yi ina wa wata mata bandar kifi a bakin tafki. Aikin hannuna ne, amma itacensu ɗanye ne, hayaƙinsa ya ci mini ido har na riƙa ganin mutane biyu-biyu. Abinci kullum tuwon rogo. Na ci don kada in faɗi, amma duk loma sai na tuna burabuskon Iya da miyar kuka da tarwaɗa a ciki.

Hanyar Gaundare ita ta fara koya mini cewa ni mutumin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Dutsen da na sani a duniya shi ne na Machina, kuma shi ma daga gindinsa nake kallonsa. Nan kuwa mota ta kama hawa tana kewaya, kunnuwana suka toshe, na yi amai har sau biyu, wata Bafulatana da ke kusa da ni ta miƙo mini lemon tsami. Muka isa da la'asar ana sanyi, ni kuwa rigar da ke jikina ta zafin Nguru ce.

Washegari na nuna wa wani mai babur hoton. Ko kallo bai gama ba ya ce ya san wurin, in hau. Ya kai ni wata magangarar ruwa a bayan gari. Ban taɓa ganin ruwa yana faɗowa daga sama ba in ba daga indararo ba, don haka na tsaya baki buɗe, ƙarar ta cika mini kai. Da na dawo hankalina na gwada da hoton, sai na ga ba ita ba ce. Wannan gajera ce mai faɗi, ta hoton kuwa doguwa ce, kuma akwai wani baƙin dutse da ya raba ruwan biyu daga sama. Na gaya wa mai babur, ya ce ai akwai wata. Ya kai ni wata, ita ma ba ita ba. Ya ce akwai kuma wata gobe. A nan raina ya fara ɓaci, na zaci yawo da hankalina yake yi.

A masallacin unguwar da na sauka na haɗu da Malam Hamadu, malamin makarantar boko ne, Bafulatani mai jin Hausa sarai. Na kai masa ƙarar mai babur. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni a hankali ko magangara nawa nake tsammani akwai a duniya. Na ce ni dai na zaci abu irin wannan in ya yi yawa bai wuce ɗaya ko biyu ba. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ciro wayarsa ya fara nuna mini. Ya nuna mini wadda ya ce ta fi kowacce tsawo, a wata ƙasa Benezuwela can hayin teku, wadda ruwanta kan zama feshi kafin ya kai ƙasa. Ya nuna mini wata a Afirka ta Kudu, da wata a tsakanin Zambiya da Tanzaniya, da wasu a ƙasashen ƙanƙara. Ya ce ko a Najeriya da na baro akwai su, a Kamaru kuwa shi kansa bai san iyakarsu ba.

Yana turawa da yatsa, ni kuwa ina kallo. Duk fari ne, duk daga dutse suke zubowa, duk akwai wurin da mutum zai tsaya ya yi dariya a ɗauke shi hoto. Na baro gida da tunanin zan tambayi mutum biyu a nuna mini, ashe abin da na riƙo ba adireshi ba ne. Na tambaye shi ko Yaya zai iya kaiwa waccan ta hayin teku. Ya ce a'a, in kwantar da hankalina, masunci mai tabarma ɗaya ba zai wuce inda ƙafa da mota ke kaiwa ba. Ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa, ya ce in gwada wajen Maiganga, ta gabas, inda koguna ke gangarawa iyaka.

Da na bi maganarsa a ranar, da ban gamu da wani Usmanu ba. Washegari a tasha ya same ni, mutum mai tsabta da carbi a hannu, ya gaishe ni da Barbarci, ya ce sunansa Usmanu, shi ma mutumin Yobe ne. Fiye da wata ɗaya ban ji wannan gaisuwar ba, sai na sake jiki. Na ba shi labari tun daga farko. Ya karɓi wayar ya duba, ya dafa ƙirji, ya ce ai Madu abokinsa ne, tare suka yi azumi bara, yana nan lafiya har ya yi ƙiba. Na rasa inda zan sa kaina don murna. Na saya masa shayi da burodi da ƙwai, ya ci yana ba ni labarin Yaya, kuma duk abin da yake faɗa ni na gaya masa minti kaɗan da suka wuce, amma kunnena bai kama ba. Da ya gama ya ce in ba shi wayar ya nuna wa wani direba a bayan tasha wanda ke bin hanyar garin, in jira shi nan kada wani ya ɗauke mini jaka.

Na jira har aka kira azahar, na jira har la'asar. Mai shayin ne ya gaji da ganina ya ce mini in tashi, mutumin nan ba Usmanu ba ne a jiya, kuma gobe ma wani suna zai ɗauka. Ban yi kuka don waya ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ban taɓa tunanin in wanke hoton a takarda ba, ni da nake taƙamar na zauna birni. Fuskar Yaya ta ƙarshe ta tafi a aljihun ɓarawo, kuma da hannuna na miƙa.

Lamba ɗaya na haddace, ta matata a Nguru. Na roƙi wayar mai shayin na kira, ita kuma ta haɗa ni da Gashuwa bayan kwana biyu. Iya ta tambaye ni ko na ga ruwan. Na ce na ga ruwa iri-iri, ina kan hanya. Ta kira sunana, Sale, ta ce in na same shi kada in yi masa faɗa, in lallaɓo shi. Na ce to. Ban gaya mata zancen waya ba.

Na isa Maiganga ba hoto, ba guzuri, sai rigar Malam Hamadu. Wani mahauci Bakatsine ya ɗauke ni ina wanke masa kayan ciki a rafi, ya ba ni wurin kwana a zaurensa da abinci sau biyu. Ina tambayar mutane da baki, ina kwatanta dogon ruwa da baƙin dutse a tsakiya, da bahagon mutum mai gardama. Wasu su girgiza kai, wasu su aika ni inda ba komai. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara. A kwancen nan na yanke shawarar da na warke zan koma gida in ce ban samu ba. Na gaji. Na gaji da tuwon rogo, na gaji da hawa da gangara, na gaji da bayyana wa baƙi ko ni wane ne. Abin da ya hana ni tashi shi ne na san me zan tarar: kwano a rufe, da Fanna tana wanke shi kowace safiya.

Ranar wata kasuwa mahaucin ya aike ni sayo gishiri. Ina ratsa layin masu garin rogo sai na yi turus. Wata mata tana zaune, a gabanta ƙaton gora cike da gari. Gorunan ƙasar nan duk na gan su, ƙanana ne masu dogon wuya, na zuba nono ko giya. Wannan kuwa mai faɗin ciki ne, ba wuya, mai kaurin ɓawo, irin wanda babban mutum zai kwanta a kai ruwa ya ɗauke shi. Irin dumanmu ne na bakin kogin Gashuwa. Na durƙusa na ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya amsa mini da muryar da na sani tun ina yaro. Matar ta janye kayanta, ta zaci taɓaɓɓe ne.

Da ɗan Fillancin da na tsinta a kasuwar Nguru na tambaye ta inda ta samo shi. Ta ce a garinsu kowa yana da shi, suna kiransa goran ɗan Najeriya, don wani baƙo ne ya zo da irin a ƙulle a tsumma ya shuka a bakin kogi. Sai na tuna. Babu masuncin gidanmu da zai yi tafiya bai ƙulla irin duma a bakin zaninsa ko aljihunsa ba. Gora ba ya shiga mota, amma irinsa yana shiga, in ka isa inda za ka zauna ka shuka abin hawanka. Wata huɗu ina bin hoto, ban taɓa tunanin in bi wannan ba.

Na tambaye ta ina baƙon yake yanzu. Ta sunkuyar da kai tana gyara mudunta, ta ce in je in tambayi Baba Bulus.

Rabin yini a kan babur, sannan tafiyar ƙasa mai tsawo a bayan matar da 'yan garinsu. Tun daga nesa na fara jin wani gurnani kamar na injin niƙa da ba a kashewa. Garin ƙarami ne, na 'yan ƙabilar Baya, kuma kusan kowane ɗaki busasshen yaɗon duma ya hau kansa. Baba Bulus tsoho ne siriri, Kirista, mai jin Fillanci fiye da ni. Ya sa aka ba ni ruwa, ya dube ni sosai, ya ce ba sai na faɗi ko ni wane ne ba, goshinmu ɗaya. Sannan ya gaya mini ba tare da kewaye-kewaye ba. Madu ya rasu shekara huɗu da suka wuce, a farkon damina. Ruwa ne ya tafi da shi ya jefa shi ta magangara.

Na yi salati, amma zuciyata ta ƙi karɓa. Na ce masa ƙarya ne. Na ce Yaya Madu a kan gora ya yi wayo, ya taɓa ratsa kogi a cike da akuya a kafaɗa, ya ciro mutum uku daga ruwa da hannunsa, ruwa ba zai ci irinsa ba. Na ce in wani abu suka yi masa su faɗa mini gaskiya. Na faɗi maganganu ga tsohon nan a tsakar gidansa waɗanda har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ya ce in ci abinci in huta, gobe da safe zai kai ni kogin in gani da idona.

Da safe ya fara kai ni ƙasa. Muka gangara ta wata siririyar hanya muna riƙe saiwoyi, har muka fito wani fili da feshi ke jiƙa mutum. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Ga dogon farin ruwa, ga baƙin dutsen da ya raba shi biyu. Baba Bulus ya nuna mini inda Yaya ya tsaya aka ɗauke shi hoton. Ban san ko tana cikin masu tsawon da Malam Hamadu ya nuna mini ba, ni dai na san in ka ɗora dogayen giginyu da yawa kan juna ba za su kai bakinta ba.

Daga nan muka hau sama, muka bi kogin baya, tafiya mai ɗan nisa, har ƙarar ta ragu. A nan ruwan kwance yake, gurbi-gurbi tsakanin duwatsu, mai sanyi, ana ganin ƙasansa. Tsohon ya ce Madu ya zo a ƙarshen damina, ya shuka dumansa yana ban ruwa da hannu, da rani ya yanke gorunansa ya fara su a nan. Mutanen gari suka riƙa taruwa suna kallon mutum kwance a kan ƙwarya yana yawo a ruwa. Ya kama kifin da ba su san akwai shi ba, kuma ba gidan da bai aika wa ba. Muka zauna a kan wani faffaɗan dutse a bakin ruwa yana ba ni labari. Rana tana sama, ba ɗigon ruwan sama, sai dai can nesa kan tsaunuka hadari ya yi baƙi.

Muna zaune na ga ruwan ya fara sauya launi. Ja-ja ya fara shigowa ta gefe, da ganyaye da 'yan ƙirare suna yawo a kai. Wani ƙaramin kifi ya yi tsalle, wani ya bi shi. Jikina ya san wannan tun kafin kaina ya sani. Sabon ruwa ne. A wurinmu sabon ruwa biki ne. Labarinsa kan riga shi isowa, a ce ya wuce Haɗeja, a ce ya kai wuri kaza, mu yi kwanaki muna gyaran komar kamun kifi muna jiransa. In ya iso a hankali yake hawa, yau ɗan yatsa gobe ɗan yatsa, kuma kifi a bakinsa yake tafe. Wanda ya riga shiga ya tare shi shi ke cika gora. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na naɗe ƙafar wando, na ce wa tsohon kifi ya zo, na sa ƙafa ɗaya a ruwa.

Ban taɓa zaton akwai ƙarfi haka a hannun tsohon nan ba. Ya damƙi wuyan rigata ya fizge ni, ya ja ni muka hau gangaren da gudu yana haki, bai sake ni ba sai da muka kai gindin wata bishiya can sama. Na juyo zan yi masa faɗa. Sai na ji ƙara ta taso daga sama, na ga ruwa ja wur ya kwararo tsakanin duwatsu da itatuwa a cikinsa. Kafin a dafa shayi dutsen da muka zauna a kai ya nutse, gurbin da nake ganin ƙasansa ya zama abin da ko bijimin sa ya faɗa ba zai fito ba. Duk ya nufi magangara.

Baba Bulus ya zauna a ƙasa yana mayar da numfashi. Da ya samu magana ya ce, “Abin da ka faɗa yanzu, shi ya faɗa. Mu muna gudu muna fita, shi yana gudu yana shiga da goransa. Mun yi ta kiransa, ya ɗago mana hannu yana dariya.”

Na zauna kusa da shi. Ƙafata ɗaya a jiƙe take har gwiwa. A nan na yi kukan da ban yi jiya ba, na kuma roƙe shi gafara. Ba wanda ya cuci Yaya. Abin da mahaifinmu ya koya mana ne, kuma daidai ne a Gashuwa.

Sun same shi bayan kwana uku, can ƙasa. Da yake sun san Musulmi ne ba su taɓa shi da al'adarsu ba, sai suka aika rugar Fulani da ke kan tudu, aka zo aka yi masa wanka da salla aka binne shi yana fuskantar alƙibla. Wayarsa ta tafi a ruwa, ba su san inda za su aika ba. Tsohon ya kai ni kabarin, an kewaye shi da duwatsu, an share ciyawar kansa. Na yi masa addu'a. Da muka koma gida ya shiga ɗaki ya fito da goran. Ya ce a gindin magangara suka tsince shi yana ta kewaya, tsaga ɗaya kawai ya yi, matarsa ta ɗinke. Ba su taɓa zuba komai a ciki ba.

Na shafa bakinsa. Gidanmu kowa yana yi wa goransa tsaga uku a baki don kada ya ɓace a cikin na jama'a. Namu duk suna karkata dama. Waɗannan hagu suka karkata.

Dawowa ta ɗauke ni kwana goma sha ɗaya. Ba direban da bai yi mini tsiya a kan goran nan ba, wani ya ce sai dai a ɗaure shi a saman mota, na ce sai dai a ɗaure mu tare. A kan cinyata ya yi tafiyar. Jandarmomi sun leƙa cikinsa a kowane shinge, suna tambayar abin da na ɓoye, in ce ba komai, su yi dariya su ce in wuce. Ban kira gida ba. Ban san yadda ake faɗin wannan a waya ba.

Na shiga gidanmu a Gashuwa da la'asar. Iya tana kan tabarma a inuwar ɗaki, Fanna tana bakin murhu. Fanna ta ga goran, ta ga ni kaɗai ne, ta ajiye muciya ta tsaya. Na gai da Iya, ta amsa, ta saurara ko za ta ji wata muryar bayan tawa. Na durƙusa na ɗora mata goran a cinya.

Ta shafa cikinsa, ta bi ɗinkin da yatsa, ta kai bakin. Babban yatsanta ya tsaya a kan tsagar. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta sake bi. Sannan ta ce, “Bahago ne ya yanka wannan.”

Na ce shi ne, Iya. Na gaya mata komai, da dogon ruwan, da tsohon, da Fulanin da suka yi masa salla. Da na zo kan sabon ruwa sai ta gyaɗa kai, ta ce ai ba zai tsaya ba, ko ubansa ne ba zai tsaya ba. Ta yi salati, hawaye yana bin fuskarta, hannunta bai bar bakin goran ba. Maƙwabta suka fara shigowa.

Duk da haka tuwo ya riga ya nuna, yara kuma ba su ci ba. Can an jima Fanna ta koma bakin murhu tana kwashewa, idonta jawur. Hannunta ya saba, ta miƙa ta ɗauko kwanon Yaya. Murfin ya yi ƙara kaɗan, Iya ta ji.

Ta ce, “Fanna, bar kwanon nan. Zo ki zauna kusa da ni. In an yi sadaka Sale zai raka ki Dapchi ki ga mutanenki. Ki yafe mini, 'yata, na riƙe ki da yawa.”

Fanna ta mayar da kwanon inda yake, ta zo ta zauna a gefen tabarmar. Iya ta lalubo hannunta ta ɗora a bakin goran.